Martani: Raba faifai don Windows biyu bai zama tsohon yayi ba

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya yi rubutu yana jan kunnen masu gyaran kwamfuta da su daina raba faifan ajiya gida biyu don zaunar da tsohuwar babbar manhaja kusa da sabuwa. A ganinsa aikin ya tsufa, kuma haɗarinsa ya fi amfaninsa. Ya ce ana rasa bayanai wurin rabon, tsohuwar Windows ƙofa ce a buɗe ga ɓarayin intanet, kuma duk abin da mutum yake nema a tsohuwar zai same shi idan ya kunna ta a matsayin kwamfutar kwaikwayo a cikin sabuwa. Wanda kwamfutarsa ta gaza ɗaukar sabon zamani kuwa, ya tara kuɗi ya sayi wata. Malamin ya san abin da yake faɗa, kuma babu haɗari ɗaya cikin waɗanda ya lissafa da zan ce ƙirƙirarsa ya yi. Hukuncin da ya yanke a kansu ne ban yarda da shi ba, domin idan aka bi shi, mutanen da ya yi niyyar karewa su ne za su fi cutuwa.

Malam ya ɗauka zaɓi biyu ne a gaban mai kwamfuta: ko ya raba faifai, ko ya goge komai ya koma sabuwar manhaja tsaf. Amma yawancin masu riƙe da Windows 7 a yau suna da wata na'ura ko wata manhaja da abincinsu ya rataya a kanta, wadda ba ta aiki sai a can. Idan aka hana irin wannan mutum raba faifai, ba zai jefar da na'urarsa ba. Zai ci gaba da zama a Windows 7 ɗin da komai nasa. A nan zai buga takardun kwastomomi, a nan zai buɗe imel, a nan zai shiga asusun banki, a nan zai cike wa ɗalibai fam ɗin rajista da hotunansu da lambobinsu. Microsoft ta daina yi wa Windows 7 faci tun ranar 14 ga Janairu 2020, Chrome ya tsaya mata a fitowa ta 109 a farkon 2023, amma shaguna da yawa suna nan a kanta da intanet a kunne. Wannan ne haɗarin da ya fi kowanne girma, kuma rubutun Malam bai ba su mafita daga cikinsa ba. Raba faifai shi ne yake ba mutum damar kwashe imel da banki ya kai su inda ake tsaro ba tare da ya rufe shago ba.

Su wane ne waɗannan mutane? Mai shagon buga takardu da ke da tsohuwar firinta ko sikana mai ƙarko, wadda kamfanin da ya ƙera ta ya daina rubuta mata direba shekaru da dama. Mai injin yankan sitika da rubutun allo. Telan da ke da injin surfani na kwamfuta, wanda manhajar zanensa ba ta buɗewa sai an soka mata ɗan makullinta a jikin kwamfuta. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ko makamanciyarta, da akwatunan filashin da ya tara a hankali. Direba ita ce ƙaramar manhajar da ke fassara tsakanin Windows da na'ura, kuma tana aiki ne a can cikin zuciyar tsarin, shi ya sa ba a yi mata sassauci. Direbar da aka rubuta wa Windows mai bit 32 ba ta shiga mai bit 64 ko kaɗan. Tun daga Vista, Windows mai bit 64 ba ta karɓar direbar da ba ta da sa hannu, kuma daga 2016 Windows 10 ta ƙara tsananta sharaɗin ga sababbin direbobi. Tsofaffin manhajoji masu bit 16 ba su taɓa gudana a Windows mai bit 64 ba, ita kuwa Windows 11 ba ta da mai bit 32 sam. Saboda haka injin da lafiyarsa ƙalau, wanda zai iya ƙara shekaru yana aiki, sai ya zama ƙarfen banza ranar da aka sabunta kwamfuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai injin ya san kuɗin injin ya ninka na kwamfutar da ke tuƙa shi.

A nan ne Malam ya kawo kwamfutar kwaikwayo, kuma ita ce hujjarsa mafi ƙarfi. Gaskiya ne VirtualBox kyauta ce, VMware Workstation ma ta zama kyauta a 2024, kuma idan abin da mutum yake buƙata tsohuwar manhajar lissafin kuɗi ce ko wani tsohon ƙamus, ni ma shawarar da zan ba shi ke nan. Babu dalilin taɓa faifai don manhajar da ba ta hulɗa da wata na'ura ta waje. Amma kwamfutar kwaikwayo tana nufin manhajoji biyu suna gudana lokaci guda a kan RAM ɗaya da furosesa ɗaya. Laftof ɗin gwanjo mai RAM gigabait 4, wadda Windows 10 ita kaɗai take cinye kusan rabinsa tun kafin a buɗe komai, idan aka yanka mata gigabait 2 aka ba baƙuwa, duka biyun za su riƙa jan ƙafa, balle idan faifan mai juyawa ne ba SSD ba. A rabon faifai kuwa, wadda aka kunna ita ke da kwamfutar baki ɗaya.

Matsalar da ta fi wannan ita ce ta USB. Kwamfutar kwaikwayo ba ta ganin na'urar da aka jona kai tsaye, sai uwar gidan ta fara karɓa sannan ta miƙa mata. Ga firinta wannan yakan yi. Ga mai filashin waya abin daban ne. Wayoyi da yawa na Tecno da Infinix da itel suna ɗauke da furosesar MediaTek, kuma duk wanda ya taɓa aiki da SP Flash Tool ya san cewa idan aka jona wayar a kashe, ƙofar da ake shiga ta cikinta tana bayyana ne na ɗan ƙiftawa sannan ta ɓace. Wayar kan kuma sauya kamanninta ga kwamfuta a tsakiyar aiki, ta fita a matsayin na'ura ɗaya ta dawo a matsayin wata. Kowace dawowa sai an sake miƙa ta daga uwar gida zuwa baƙuwa, kuma idan miƙawar ta makara aikin ya tsinke. Filashin da ya tsinke a tsakiya yana iya barin wayar kwastoma ba ta ko kawo haske. Akwai masu gwanintar da suke shawo kan wannan da saituna, amma ban ga dalilin da zai sa a tilasta wa mai gyara ya yi caca da wayar mutane ba alhali akwai hanyar da direba za ta yi magana da waya babu ɗan aike. Haka labarin yake ga tsofaffin makullan manhaja da injunan da ke amfani da faffaɗar ƙofar firinta ta da.

Sai maganar asarar bayanai, wadda ita ce ta fi tsorata mai karatu. Ya kamata mutane su san abin da ke faruwa idan an ce an raba faifai. A tsohon tsarin MBR, wanda ya zo tun 1983, bayanin rabon yana zaune ne a sashen farko na faifan mai bait 512, a cikin wani ɗan jadawali mai gurbi huɗu da ke cewa ɓangare kaza ya fara daga nan ya ƙare a can. A sabon tsarin GPT jadawalin ya fi faɗi, Windows tana ba da gurbi har 128, kuma akwai kwafinsa a ƙarshen faifan. Rage girman ɓangare yana nufin a kwashe fayilolin da ke kusa da ƙarshensa a matso da su gaba, a gyara lissafin tsarin fayil, sannan a sauya lambar ƙarshe a jadawalin. A zamanin XP sai an nemo manhaja daga waje irin su PartitionMagic kafin a yi wannan, kuma daga wancan zamani ne tsoron ya samo asali. Tun daga Vista aikin yana cikin Windows kanta, a Disk Management, kuma tana da taka-tsantsan sosai: idan ta ci karo da fayil ɗin da ba ta iya motsawa, kamar na ajiyar barci ko na taimakon RAM ko wuraren maido da tsari, sai ta tsaya a nan ta ƙi wucewa. Shi ya sa mutum zai ga yana da sarari gigabait 200 amma ta ce kaɗan za ta iya bayarwa. Maganinsa a kashe waɗannan na ɗan lokaci, a rage, a mayar da su.

Inda ake yin ɓarna sananne ne. Rage ɓangare daga ƙarshe aiki ne mai sauƙi, amma matsar da farkonsa, kamar yadda GParted ke ba da dama, yana nufin kwashe kusan duk abin da ke ciki daga wuri zuwa wuri, kuma yana iya ɗaukar sa'o'i. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar wannan a kan kwamfutar tebur marar UPS, ko laftof ɗin da batirinta ya mutu, to an shiga uku. Wannan gargaɗi ya fi dacewa da mu fiye da waɗanda wutarsu ba ta yankewa, kuma da Malam ya tsaya a kansa da na goya masa baya. Haka kuma faifan da ya fara lalacewa bai kamata a wahalar da shi ba, kuma duba lafiyarsa da manhaja irin CrystalDiskInfo bai fi minti ɗaya ba.

Akwai wani tarko da na so a ce Malam ya ambata, domin ya shafi irin kwamfutocin da ke hannunmu. Laftof da yawa na HP na zamanin Windows 7 sun fito daga kamfani da gurbi huɗun MBR a cike: na tayar da tsari, na Windows, na maidowa, da na kayan aikin HP. Idan mai gyara ya rage C ya nemi ƙirƙirar na biyar, Windows za ta tambaye shi ko ta mayar da faifan ya zama dainamik. Wanda ya danna amincewa cikin gaggawa ya jefa kansa a wahala, domin ba a iya girka wata Windows a sabon ɓangaren da aka samar ta haka, Linux ma ba ta jin daɗin irin faifan, kuma komawa baya da kayan Windows kaɗai sai an goge ɓangarorin. Hanyar da ta dace ita ce a kwafe ɗaya daga cikin huɗun a sadaukar da shi, a yi faɗaɗɗen ɓangare mai ɗaukar wasu a cikinsa. Wannan ilimi ne da ake koyarwa a zama ɗaya. Hana aikin gaba ɗaya ba ya koyar da kowa komai, kuma masu gyara za su ci gaba da yi a makance.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne shawarar da Malam ya bayar a madadin rabo, wato a goge a girka sabuwa, ita ce hanyar da aka fi rasa hotunan aure da kundin digiri ta cikinta a shagunanmu. Fomatin ba ya barin komai. Kuma masu gyaranmu sun daɗe suna raba faifai C da D don ainihin wannan dalili, saboda idan Windows ta lalace a wanke C a bar D. Ko rabo za a yi ko fomatin, sharaɗin ɗaya ne: a kwafe duk abin da ke da muhimmanci zuwa wani faifai na waje, a buɗe kwafin a tabbatar yana karantuwa, sannan a cire shi daga jikin kwamfutar kafin a fara. Wanda ya yi haka, mafi munin abin da zai same shi ɓata lokaci ne.

Yawancin abin da mutane ke kira asara ma ba asara ba ce, hanyar shiga ce ta ɓace. XP tana tashi ne da NTLDR da wani ɗan fayil mai suna boot.ini. Daga Vista aka koma BOOTMGR da ma'ajiyar BCD. Sabuwar ta san tsohuwar, tana iya saka ta a jerin zaɓi, amma tsohuwar ba ta san wadda aka haifa bayanta ba. Saboda haka ƙa'idar ita ce a fara girka tsohuwa, sabuwa ta biyo baya, idan kuma da Linux ita ce ta ƙarshe, domin GRUB, wanda ke tayar da Linux, yana iya gane Windows. Wanda ya juya tsarin ya girka XP bayan Windows 7 zai kunna kwamfuta ya ga XP kaɗai, ya ɗauka komai ya tafi, alhali fayilolinsa suna nan ba a taɓa ko ɗaya ba. Da filashin girka Windows da umarnin bootrec ko bcdboot ake dawo da jerin, ko a yi amfani da EasyBCD. Na san mai kwamfuta yana shiga firgici a wannan lokaci, kuma haƙƙin mai gyara ne ya san maganin tun kafin ya fara.

Akwai ƙananan rigingimu na zaman tare da ya kamata a faɗa a fili. Tun daga Windows 8 akwai saitin saurin tashi, wanda ke sa kwamfuta ta yi rabin barci maimakon ta mutu gaba ɗaya idan an kashe ta. Idan aka shiga ɗaya manhajar aka taɓa ɓangaren da aka bari a wannan hali, ana iya ɓata fayiloli, shi ya sa Linux kan ƙi yin rubutu a kansa, Windows 7 kuma takan tsaya binciken faifai. Kashe saitin wajibi ne a duk kwamfuta mai manhaja biyu. XP kuwa tana goge wuraren maido da tsari na Vista da Windows 7 idan ta ga ɓangarensu, sai an ɓoye mata shi. Idan Windows da Linux ne, agogo kan yi kuskuren awa ɗaya a Najeriya da Nijar, domin Linux tana ajiye lokacin duniya a agogon cikin kwamfuta, Windows kuma tana ɗaukarsa lokacin gida. Saiti ɗaya ke gyara shi. A watan Agusta 2024 wata sabuntawar tsaro daga Microsoft ta hana Linux tashi a wasu kwamfutoci masu manhaja biyu, kuma Malam yana da damar kafa hujja da wannan. Sai dai ko a lokacin babu fayil ɗin da ya ɓace, an riƙa kashe saitin tsaron tashi na Secure Boot na ɗan lokaci ana gyarawa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne BitLocker, kullen faifai na Windows. Windows 11, musamman daga fitowar 24H2, tana iya kulle faifai da kanta idan aka girka ta aka shiga da asusun Microsoft, mai kwamfuta bai ma sani ba. Idan aka sauya yadda kwamfutar ke tashi, tana iya neman makullin ceto mai lamba 48. Wanda ba shi da shi, kuma ya manta asusun da wani yaron shago ya buɗe masa, babu mai gyaran da zai iya fito masa da bayanansa. Kafin a taɓa rabon faifai a kan Windows 10 ko 11, a duba ko kullen yana aiki, a rubuta makullin a takarda, a dakatar da kullen har a gama.

Yanzu tsaro. Malam ya ambaci haɗarin tsohuwar Windows, kuma ba wanda ya manta da cutar WannaCry ta watan Mayu 2017, wadda ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya har Microsoft ta fitar wa XP faci shekara uku bayan ta daina tallafa mata. Yawancin kwamfutocin da ta kama ma Windows 7 ne da ba a sabunta ba. Amma a tuna ta inda ta bi: ta hanyar sadarwa, ta wata ɓaraka a tsohon tsarin musayar fayiloli na Windows. Kwamfutar da ba ta jone da komai ba ta cikin lissafinta. Tsarin da nake karewa shi ne tsohuwar manhaja ta zauna babu intanet ko kaɗan, a ƙi girka mata direbar Wi-Fi, a kashe mata katin sadarwa, a bar mata injinta da manhajar aikinta kawai. Duk abin da ya shafi burauza da imel da banki da WhatsApp ya koma ɓangaren da ake yi wa faci. A ware ɓangare na uku don ajiye fayilolin aiki da duka biyun ke gani. Filashin kwastoma, wanda shi ne babbar hanyar da bairos ke yawo a shagunan buga takardu, a karɓe shi a sabon ɓangare, a bincike shi, sannan a sauke fayil ɗin a ɓangaren tsakiya.

Ba zan ce wannan ya toshe komai ba. Faifai ɗaya ne, kuma cutar da ta kama tsohuwar manhaja tana iya kaiwa ga ɓangaren sabuwa. Cire masa harafi don kada ya bayyana yana hana kuskuren hannu da ƙananan bairos, amma ba zai tsayar da mai niyya ba. Abin da ke tsayarwa shi ne kulle sabon ɓangaren da BitLocker, ko da kullen da Linux ke bayarwa lokacin girkawa, a adana makullin. Kuma Windows 7 ba ta aiki da Secure Boot, sai an kashe shi, wanda rashi ne na gaske. Duk da haka, a auna wannan da halin da na fara bayyanawa, na mai shagon da ke shiga banki ta Windows 7. Tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce.

Akwai inda Malam ya yi daidai ɗari bisa ɗari, ko da yake bai bambance shi ba. Ba kowace tsohuwa ke zama da kowace sabuwa ba. Windows 7 ba ta zo da direbar USB 3.0 ko ta faifan NVMe ba, Microsoft ta tsayar da tallafinta a furosesar Intel ta ƙarni na shida, kuma sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da saitin da ke kwaikwayon tsohon BIOS. Windows 11 tana son UEFI da faifan GPT, ita kuwa XP mai bit 32 ba ta ma iya karanta GPT. Wanda ya ce zai haɗa XP da Windows 11 a faifai ɗaya wahala zai sha a banza, gara ya nemi tsohuwar kwamfutar tebur ya keɓe wa injinsa. Haɗin da ke da ma'ana ya dogara da shekarun kwamfutar. Idan ta ƙarni na shida ce ko ƙasa, Windows 7 da Linux Mint ko Ubuntu, ko Windows 7 da Windows 10 muddin ana samun facinta. Idan ta ƙarni na takwas ce zuwa sama, Windows 10 ce za ta zama tsohuwar, Windows 11 sabuwar. Kuma inda hali ya yi, faifai biyu sun fi rabon ɗaya: laftof da yawa na da suna da gurbin DVD da ba a amfani da shi, ana cire shi a saka ɗan akwatin da ke ɗaukar faifai na biyu, kowace manhaja da nata, a zaɓa lokacin kunnawa.

Sai batun sayen sabuwa. Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021 da sharaɗin TPM 2.0 da furosesar Intel ta ƙarni na takwas ko Ryzen 2000 zuwa sama, ban da 'yan tsiraru da aka keɓe. Microsoft ta sanya 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, da ƙarin shekara ɗaya ga mai amfani a gida da ya shiga shirin tsawaitawa. Duk wanda ya san kasuwar kwamfutocin gwanjo ya san irin su EliteBook 840 G3 da G4, da ThinkPad T460 da T470, da Latitude na wannan zamani, su ne ɗalibai da ƙananan shaguna ke iya saye, kuma duk sun faɗo ƙasa da layin. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan. Waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka sallama ba ɓacewa suke yi ba, da yawansu ta Legas suke shigowa, su bi ta Computer Village da ke Ikeja su hauro Arewa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni 2023 kuwa, sabuwar laftof ta ƙara yin nisa da aljihun talaka. Ma'ana kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi za su ƙaru a hannunmu, kuma suna da sauran ƙarfi.

Me za a yi da su? Ana iya tilasta musu Windows 11 ta bayan fage, amma Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta yi alƙawarin sabuntawa ga irin wannan girki ba. Hanyar da ke da tabbas ita ce Linux, wadda fitowar Ubuntu mai dogon zango ke samun facin tsaro na shekara biyar kyauta. Sai dai ba wanda zai yarda a goge masa Windows ɗin da ya saba da ita a dare ɗaya a miƙa masa abin da bai taɓa gani ba, ga CorelDRAW ɗinsa ba ta gudana a can. Idan aka raba masa faifai, yau zai shiga Linux don burauza kawai, gobe ya gwada rubuta takarda, kuma ya san idan ya maƙale zai sake kunnawa ya koma inda ya sani. Mutane da yawa da suka iya Linux ta wannan hanya suka koya, kuma ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya raba faifansa da hannunsa ya gyara GRUB ɗin da ya ɓata ya fahimci yadda kwamfuta ke tashi fiye da wanda ya haddace daga allo.

Abin da nake so Malam ya matsa wa masu gyara a kai shi ne yadda suke miƙa kwamfutar bayan sun gama, domin a nan ake sakaci. Sau da yawa kwastoma zai kunna ya ga layi biyu masu kusan suna ɗaya, bai san wanne ne wanne ba, bayan daƙiƙa 30 kwamfutar ta zaɓa masa. Da bcdedit ana iya sauya sunayen su zama abin da zai gane, ɗaya a rubuta na intanet, ɗaya na inji, a sa sabuwar ta zama wadda ke tashi da kanta idan ba a taɓa komai ba. A zaunar da shi a nuna masa ɓangaren da zai riƙa ajiye aiki, a gaya masa dalilin da ya sa tsohuwar ba ta da Wi-Fi, don kada gobe wani ya ce zai taimaka ya girka mata direba. A ba shi makullin BitLocker da sunan asusunsa a rubuce, da filashin ceto, kuma kada a goge kwafin bayanansa sai ya yi mako yana aiki da ɓangarorin biyu ya tabbatar babu abin da ya ɓace.